Ambulan na Uku

Na ga saƙonninku. Masu ce min in yi haƙuri, na gode. Masu tambaya wai ina labarin Injiniya, yaushe ne biki, me ya sa na goge hotunan turaren da ya saya min, ku gyara zama. Yau zan faɗa muku komai, kuma ba zan yi wa kowa kwalliya ba.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni ma'aikaciya ce a ofishin ƙaramar hukuma, sashen bayar da kwangila. Teburina yana bakin ƙofa, kusa da wani koren akwatin ƙarfe mai tsaga a sama da kwaɗo biyu. In hukuma za ta gyara azuzuwa ko ta gina magudanar ruwa, sai a yi sanarwa, 'yan kwangila su rubuta tayinsu, su rufe a ambulan su kawo. Ni ke karɓa, in duba an liƙe da kyau, in buga hatimi, mai shi ya jefa da hannunsa. Lokaci na cika sai in toshe tsagar, ko kai ɗan wane ne sai dai ka jira wani karon. Ba wani babban aiki ba ne, amma wallahi ina son sa. Ina son warin tawadar hatimin, ina son tsohuwar fankar nan mai ƙugi, ina son yadda ƙattai masu tumbi suke rage murya a gaban teburina su ce, "Ranki ya daɗe." A gidanmu ko sannu sai an ga dama.

Dalili kuwa, doka ta ce ɗan'uwan ma'aikacin sashenmu ba ya neman kwangila a wurinmu, ko miji ne, ko wa ne, ko suruki. Yayana kuma yana da kamfani, da rajista da komai, takardunsa cif a wata baƙar jaka da ke zaune saman firij. Tun da na samu aiki jakar nan ba ta sauko ba, sai dai in matarsa za ta goge ƙura. Yana ɗan gyaran rufin kwano a gidajen mutane, yau da aiki, gobe babu. Tun rasuwar Baba gida ɗaya muke zaune, ni da Umma da shi da matarsa, don haka kullum da safe ina ɗaura agogo ana yi min karatu.

"A fita lafiya, hukuma," in ji Umma, tana juya shayi ba ta ko kalle ni ba. "A je a buga wa 'ya'yan wasu hatimi, namu yana nan yana hawa tsani."

"Umma, ba ni na rubuta dokar ba."

"Na ce ke kika rubuta? Je ki, kar ki makara."

Ana cikin haka Injiniya ya faɗo rayuwata. Ba injiniya ba ne, kowa ya sani. Yana da tifa da wurin buga bulo, shi ke nan sunan ya bi shi. Ranar da ya fara zuwa teburina ya makara, na riga na toshe tsagar. Farar riga ce a jikinsa an goge ta har tana ɗaukar ido, ga agogo mai baƙin maɗauri, ga wani turare da ya riga shi shigowa. Ya ajiye ambulan a gabana yana murmushi.

"An rufe," na ce.

"Haba ƙanwata, agogonku ne ke gudu."

"Agogon hukuma ne. Da shi muke aiki."

Na saba da masu zagi, na saba da masu tura hannu aljihu. Shi dariya ya yi, ya ɗauke ambulan ɗinsa, ya ce, "Wannan taurin kan, gidan wa za a kai shi?" Na haɗe rai, amma ni na san abin da ƙirjina ya yi. Kafin in isa gida saƙo ya shigo daga baƙuwar lamba: "Mai Akwati, kin kayar da ni yau. Ina neman a ba ni damar sake tayi."

Ku yi min dariya, na yarda. Na karanta saƙon nan a mota, na karanta a bakin ƙofa, na karanta ina wanke-wanke har waya ta kusa faɗawa ruwa. Daga nan kullum sai ya turo. "Kin ci abinci?" "Na ga wata mai irin mayafinki a hanya, saura kaɗan in buge mai keke." "Kar ki yi wa kowa murmushi a teburin nan, ina da kishi." Ni da ban taɓa jin an damu da cin abincina ba, sai na narke gaba ɗaya.

Ranar da ya zo gida, Umma ta sa aka sauya labulen falo, ta fito da kofunan gilashin da ko Yaya ba ya taɓawa. Na sa doguwar rigata ruwan toka mai ƙananan furanni a wuya, na yi ta sauya mayafi a gaban madubi har matar Yaya ta ce in ban fito ba ita za ta fita a madadina. Ya gaida Umma har ƙasa. Ya kawo mata bargo da man zafi don ciwon gwiwa, ban ma san yaushe na faɗa masa tana ciwon gwiwa ba. Sannan ya zauna da Yaya suka yi ta hirar kwano da katako, ni ina gefe ina wasa da zoben hannuna. Hirarsu ta fi tamu tsawo, ni kuwa sakarya murna nake wai sun saba.

Ba a daɗe ba ya kawo maganar. Muna zaune a motarsa a ƙofar gida da yamma, ya kashe rediyo.

"Mai Akwati, ina so in turo manyana. Amma ke kin fi ni sanin doka. Ranar da aka ce ke matata ce, ko ma an ji ana maganar, ambulan ɗina ba zai sake shiga akwatinku ba. Da me zan riƙe ki?"

"To ka nemi aiki a wata hukumar mana."

"Nan ne gidana, nan aka san ni. Ke ce za ki sauka daga teburin."

Na ce zan yi tunani. Ashe ya riga ya faɗa wa Yaya, Yaya ya faɗa wa Umma. Ina shiga na tarar da su a falo an kashe talabijin, kamar masu jiran gawa.

"Wai tunani za ki yi?" in ji Umma. "Tunanin me? Kujerar ce za ta haifa miki 'ya'ya? Ko in kin kwanta ciwo akwatin ne zai kai ki asibiti?"

"Umma, da ƙyar na samu aikin nan."

"Mijin kuma a kan hanya ake tsintar sa? Ga mutum ya zo da mutuncinsa. Ki yi aurenki, yayanki ma ya samu ya numfasa. Ke kaɗai kin danne mutum biyu, ko kunya ba kya ji."

Yaya bai ɗaga murya ba, nasa ya fi ciwo. Ya ce, "Bar ta, Umma. Ni na saba. In na faɗo daga rufin wani na karye, ta zo ta buga min hatimi a goshi."

Daga ranar gidan ya zama wani abu daban. In na yi sallama, a amsa a ciki-ciki. In na zuba abinci, matar Yaya ta hau buga tukwane. Umma ta daina shafa man zafin, wai gara ƙafar ta kashe ta ta huta da ganin baƙin ciki. A waya kuma Injiniya yana ta zuba zuma: "Na ga wani gida mai baranda, ke na tuna." "Wane launi kike so a ɗakinki?" Ana matsa ni ta nan, ana lallashi ta can. Ina son aikina, ina son mutumin nan, ina kuma so ko sau ɗaya Umma ta kalle ni da irin idon da take kallon Yaya. Na rubuta takardar ajiye aiki.

Ogana dattijo ne mai furfura, ba ya son dogon zance. Ya karanta, ya cire tabarau, ya ce, "'Yata, kin tabbata?" Na ce na tabbata. Ya ce Allah ya sa alheri, in tattara kayana in je in huta. Na ɗauki kofina da ɗan matashin da nake sawa a kujera, na miƙa hatimi. A bakin ƙofa na waiga na kalli akwatin, hawaye ya zubo, na goge da bakin mayafi kafin wani ya gani.

A gida ranar Umma da kanta ta zuba min abinci, har da nama biyu. Ta ce, "Yauwa 'yar albarka." Wallahi daɗin da na ji ba ya misaltuwa. Na tura wa Injiniya: "Na sauka." Na riƙe waya ina jiran ya kira, ya yi ihu, ya ce gobe manyansa na tafe. Amsa ta shigo: "To."

To. Shi ke nan. Na ce ko yana tuƙi ne. Washegari na tura, "Ka tashi lafiya?" Sai bayan azahar ya ce, "Lafiya." Na tambayi maganar gida mai baranda, ya ce, "Ina wurin aiki." Mutumin da yake tambayar ko na ci abinci, yanzu ko na mutu sai dai ya ji a gari. Ni kuma ga ni a gida ba abin yi, daga ɗaki zuwa tsakar gida, ina ninke kayan da na riga na ninke.

Yaya kuwa ya farfaɗo. Jaka ta sauko daga saman firij, ya sayi sabon takalmi mai ƙara, yana fito yana shiga da waya a kunne. Hukuma ta yi sanarwar gyaran wasu azuzuwa, ya ce zai nema. Na yi masa murna har zuciyata. Na ce, "Yaya, kawo in taya ka lissafin kwano da siminti, na san yadda ake tsara takardun." Ya ce ba ya bukata.

Wata safiya direban tifar Injiniya ya kawo wa Yaya ambulan. Ina shara a falo na ga Yaya ya zaro takardu an riga an buga komai, da sunan kamfaninsa a sama. Bai karanta ko layi ɗaya ba. Inda aka yi masa alama da fensir yake bi yana sa hannu, ya liƙe, ya miƙa wa direba. Tsintsiyar ta faɗi daga hannuna.

Bari in fahimtar da ku. Doka ta ce ba a bayar da kwangila sai an samu tayi uku aƙalla, don a yi gasa ta gaskiya. To masu wayo sai su kawo nasu ambulan, su kuma nemo kamfani biyu su rubuta musu farashi mai tsada, don nasu ya zama mafi sauƙi. Waɗannan biyun ba cin kwangila ya kawo su ba. A ofis 'yan rakiya muke ce musu.

"Yaya, rakiya za ka yi masa?"

"Ina ruwanki?"

"Na bar aikina don ka nemi kwangila, ba don ka riƙe wa wani jaka ba!"

"Ke, rage murya. In ya ci, ni zai ba aikin rufi. Kin ga an taɓa fara hawa daga saman tsani?"

"Tun yaushe kuka shirya wannan?"

Ya sunkuya yana ɗaura igiyar sabon takalminsa. Na zari mayafi, ko hoda ban shafa ba, na nufi wurin buga bulo.

Injin yana ta ƙara, ma'aikata suna jera bulo a rana. Ofishinsa wani ɗan ɗaki ne na kwano a ƙarshen fili, da tebur da kujerun roba. Na same shi yana cin gyaɗa, ya miƙe ƙafa kan buhun siminti. Ba farar riga, wata tsohuwar singileti ce a jikinsa. Bai tashi ba.

"A'a, Mai Akwati. Ko da yake yanzu ba akwatin."

"Yaushe manyanka za su zo?"

"Daga zuwa ko gaisuwa babu?"

"Saboda kamfanin Yaya ka neme ni?"

Ya watsa gyaɗa a baki, ya tauna a hankali, yana kallona kamar mai duba bulon da ya tsage. Ya ce, "Zauna." Na ce a tsaye ma ina ji.

"To ji. Kwamiti ya fara gane 'yan rakiyata, sunaye iri ɗaya kullum. Ina bukatar sabon suna mai tsabtar takardu, wanda bai taɓa shiga akwati ba. Na yayanki ya dace, ke ce kawai matsalar. Sannan teburin nan naki, kin takura wa mutane. Mutum ya makara kaɗan, ki tsaya masa kamar soja. Yanzu an samu mai sauƙin kai. Kowa ya huta, har ke."

"Auren fa?"

"Wa ya ce babu aure? Ina dubawa. Akwai 'yan matan da suka riga ki kawo takarda, mahaifiyata ma tana da wadda ta zaɓa min a hannu." Ya yi dariya, irin dariyar nan ta ranar farko. "Ke fa kin san doka. Ba a buɗe akwati sai an cika uku."

Jama'a, ban san yadda na fito daga filin nan ba. Na dai san na taka ɗanyen bulo ya rushe, wani ma'aikaci ya yi min tsawa, na ba shi haƙuri. Ni na ba shi haƙuri! Ina tafe a bakin titi ina jin kunya tana cin naman jikina, kunyar duk saƙon da na tura, kunyar launin ɗakin da na zaɓa.

Na tarar da Umma a ɗakinta tana ninke zannuwa. Na durƙusa a gabanta na faɗa mata komai ina kuka, ina jiran ta ce innalillahi, ta jawo ni jikinta. Ta ci gaba da ninki.

"Aure nufin Allah ne," ta ce.

"Umma, kin sani?"

"Yayanki ya ce min maganar auren ba ta gama nuna ba. Na ce a bari mu gani."

"Kin sani kika bar ni na ajiye aikina?"

Sai a lokacin ta ɗago. "Aikin naki da me ya amfane mu? Ke mace ce, in wannan bai yi ba wani zai zo. Shi fa? Yana da mata, gobe yana da 'ya'ya. In zauna ina kallo ɗana ya tsufa a kan tsani saboda kina son a ce miki ranki ya daɗe? Tashi ki wanke fuskarki, kar maƙwabta su ji."

Washegari na koma ofis. A teburina wata ce zaune da jan farce, ta ture akwatin gefe don ta samu wurin cajin waya. Ta ce, "Wa kike son gani?" Na wuce ta na shiga wurin Oga, na ce na zo janye takardata. Ya girgiza kai.

"Ta riga ta wuce sama, 'yata, an sa hannu, an cike gurbin. Da kin zo da wuri." Ya ga yadda na tsaya, ya sassauta murya. "Ki riƙe katinki dai. Ajiye aiki sai wata ya cika yake kamawa, hutu kawai na ba ki. Ƙarshen wata ki kawo katin mu yi sallama."

Na fito da katin a tafin hannuna. Yaya da Injiniya sun ɗauka ranar da na kwaso kofina na bar aiki. Ba wanda ya tambaye ni, don a wurinsu na riga na gama amfani. Ni kuma ban ce wa kowa komai ba. Na koma gida na dafa abinci, na wanke wa Umma zannuwa, har takalmin Yaya na goge masa.

Ranar buɗe akwati kowa yana da izinin shiga, haka dokar take. Na sa baƙar doguwar riga, na zauna a layin baya na ɗakin taro. Ga kwamiti a gaba a dogon tebur, ga Oga a gefe. Injiniya yana layin farko da farar rigarsa, turarensa har inda nake. Yaya yana bayansa, ya rungume baƙar jaka a cinya, sai gyara wuyan riga yake. Aka kawo akwatin, masu makulli biyu suka buɗe, aka zazzage. Ambulan uku cif. Aka yanka, aka karanta sunayen kamfanoni. Da aka kira na Yaya ya miƙe ya ce "Ga ni" da ƙarfi, har wasu suka yi dariya. Karon farko ke nan da aka kira sunan kamfaninsa a ɗakin nan.

Kafin a karanta farashi, shugaban kwamiti ya yi tambayar da ake yi kullum, wadda ba a taɓa amsawa ba. Ko ɗagowa bai yi ba. "Akwai mai ƙorafi a kan ɗaya daga cikin masu tayi?"

Na miƙe. Muryata ta fita tas.

"Ranka ya daɗe, mai ambulan na uku yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni kuma har ƙarshen watan nan ma'aikaciyar sashen kwangila ce. Ga katina."

Shugaba ya juya wurin Oga. "Haka ne?"

Oga ya kalle ni, ya kalli tebur. "Haka ne, ranka ya daɗe."

Ba zan ɓoye muku ba, daɗi na ji. Na kafe ƙeyar Injiniya da ido ina jiran in ga ta yi gumi. Tayi ya koma biyu, dole a soke, kwangilar da ya gama lissafawa ta zube. A raina na ce, to ga rakiya nan ta juya da baya.

Shugaba ya jawo takardun Yaya yana buɗawa, ya tsaya a wani shafi. "Malam, a nan ka yi rantsuwa cewa ba ka da ɗan'uwa a cikin ma'aikatan sashen nan. Wannan sa hannunka ne?"

Yaya ya miƙe, jakar ta zame ƙasa. Ya kalli Injiniya. Injiniya yana danna waya.

"Ban... ban karanta ba, ranka ya daɗe."

"Ban tambaye ka ko ka karanta ba. Sa hannunka ne?"

"Nawa ne."

"To an soke wannan zama, za a sake sanarwa. Kai kuma rantsuwar ƙarya ka yi wa hukuma. Za a cire kamfaninka daga rajistar 'yan kwangila, a kuma sanar da sauran hukumomi."

Na san shafin nan, sau nawa na gan shi a takardun 'yan kwangila. Amma tun da na fito daga filin bulo fuska ɗaya kawai nake gani, ban tsaya na tuna sunan wa ke ƙasan rantsuwar ba. Injiniya bai sa hannu a komai na Yaya ba. Ko fensirin da ya yi alama an goge.

A baranda ya tare ni, yana juya makullin mota a yatsa. Ko alamar fushi babu a fuskarsa.

"Sannu da aiki, Mai Akwati. Za su sake sanarwa, in nemo wani ya raka ni, ko da tsada. In na makara ma yanzu akwai mai buɗe min." Ya matso har turaren ya cika min hanci. "Ni kin ɗan jinkirta min. Shi kuwa kin gama da shi. Ki gaida Umma."

A waje na hango Yaya yana ta taka babur ɗinsa ya ƙi tashi. Ya taka, ya taka, sabon takalmin ya zame, ya kusa faɗuwa. Na matsa na ce, "Yaya." Bai zage ni ba, da ma ya zaga. Ya rataya jakar a wuya, ya kama babur ya tura da hannu ya fita ƙofar hukuma, mutane suna ba shi hanya.

Na daɗe ina yawo a titi kafin in iya nufar gida. Na tsaya a wani shago na sayi man zafi, ban ma san me ya sa ba. Da na isa, babur yana jingine a bango, ƙofar ɗakin Yaya a rufe. Umma tana tsakar gida a kan 'yar kujerarta, da faranti a cinya tana tsintar shinkafa. Na yi sallama. Ta ci gaba da tsinta. Na sake yi, na durƙusa na ajiye man a gefen ƙafarta.

"Umma, wallahi ba shi na nufa ba."

Ta cire wata 'yar tsakuwa ta jefar. Sannan ta ɗaga murya ta kira matar Yaya, wadda ke wanke tukunya a bakin famfo.

"Zo ki ga baƙuwar nan. Tambaye ta wa take nema."

Matar Yaya ta tsaya da kumfa a hannu. "Umma, ai..."

"Na ce ki tambaye ta. In 'yar gidan take nema, ki ce mata ɗa ɗaya na haifa, yana ciki yana kuka."

Na ɗauka za ta ba Umma haƙuri, ko ta shige ɗaki. Sai ta ɗauraye hannunta, ta goge a zani, ta tako har inda nake durƙushe. Ta sa ƙafa ta ture man zafin zuwa gabana.

"Baiwar Allah," ta ce, "wa kike nema?"